Me Ya Sa Ake Kiransa "Slot Machine"?

Ku dubi hoton nan da kyau. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce a Ingila, ga wani Bature tsaye gaban akwatin ƙarfe, an rubuta "slot machine" a ƙasan hoton. Da wasu suka gani, da yake yau injin caca ake kira da wannan suna, sai suka ce oho, ashe tun zamanin kakanni Turawa ke caca a tasha. To, a'a. Bawan Allah katin wasiƙa yake saye.

Ruɗanin duk yana cikin kalma ɗaya. "Slot" ba ta nufin caca, ba ta nufin sa'a. Ma'anarta ita ce 'yar tsagar nan. Matso da kyamara. Yauwa, wannan siririyar kafar da ake zura kuɗi, kamar bakin asusun yara. Asalin sunan dogo ne: "penny-in-the-slot", wato zura kwabo a tsaga. Amurkawa kuma suka ce "nickel-in-the-slot", domin kwandalarsu ta senti 5 ake sakawa. Baki ya gaji da tsawon suna, aka gutsure shi. Saboda haka duk akwatin da zai haɗiye kwabonka ya ba ka wani abu, ko cingam ne, ko kan sarki, ko ya auna maka nauyinka, sunansa ke nan a wancan lokaci. Sunan daga bakin injin ya fito. Abin da ke cikin cikinsa bai shafe shi ba.

Af, kafin wani dattijo ya gyara mini zance: kwabonmu na zamanin fam da sule shi ne mai huji a tsakiya. Nan kuwa hujin a jikin akwati yake. Kalmar kwabo ma daga "copper" ta Turanci muka aro ta, wato jan ƙarfe.

Tarihin a gurguje. A ƙarni na farko miladiyya, wani masani mai suna Hero na birnin Iskandariyya a Masar ya bayyana wani injin ba da ruwan ibada: kwandala ta faɗa kan faranti, nauyinta ya buɗe bakin bututu, tana zamewa ruwa ya tsaya. Landan, 1883, Percival Everitt da injin katin wasiƙa. New York, 1888, injin cingam na Thomas Adams a tashoshin jirgi. San Francisco, 1889, ka saka senti 5 ka ji waƙa.

A San Francisco ɗin ne dai wani makanike, Charles Fey, ya ƙera injin caca mai suna Liberty Bell kafin ƙarni na 19 ya ƙare: faifai uku masu juyawa, ka ja hannu, ko ka ci ko a cinye ka. Shi ma tsaga gare shi, shi ma aka kira shi da sunan 'yan uwansa. Da hukuma ta matsa wa caca, masu ƙera injinan suka yi dabara, suka ce ai cingam muke sayarwa, suka zana lemo da 'ya'yan itatuwa a faifan. Shi ya sa har yau kuke ganin lemon tsami a allon wasannin caca na waya, kuma Ingilawa ke ce wa injin caca "fruit machine", wato injin 'ya'yan itatuwa. A hankali ɗan baya ya ƙwace sunan gida, su kuwa injinan sayar da kaya aka koma ce musu "vending machine". Ni dai a ganina an zalunci injin cingam.

Ingilawa ma ba su rabu da kwabon ba. In ɗayansu ya ce miki zai je ya "spend a penny", wato zai kashe kwabo, Hajiya kada ki ba shi saƙon cefane. Ban ɗaki za shi. Ƙofofin ban ɗakin jama'a a can, da sai an zura kwabo suke buɗewa.