Layin waya da iƙama: lacca kan tsaron shafi da WhatsApp ga 'yan uwa mazauna Jidda

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu maza da mata, 'yan uwa, sannunku da zuwa, musamman waɗanda suka taso daga Makka da wannan zafin. Toh an ce in yi magana akan yadda mutum zai kula da shafinsa na intanet, ko na kasuwanci ne ko na labarai ko na karatu, ni kuma ta layin waya zan fara don a ƙasar nan komai a can yake ɗaure.

Kun san dai ba a sayar maka da layi sai da iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya, da ɗan yatsa. Layin nan shine a Absher, manhajar hidimomin gwamnati, shine a banki, shine a WhatsApp, shine kuma Facebook zai turo wa lamba ranar da ka manta kalmar sirri. Wanda ya samu lambar da ake turo wa layinka ya gama da kai ko bai taɓa ganin wayarka ba. Kuma ɓarayin nan basa fasa komai, kiranka suke yi. Wani zai kira da Larabci mai kyau, wani ma da Hausa ras, yace daga banki ne za a rufe katinka sai ka sabunta bayanai, ko yace ka ci kyauta, sai yace ka karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Dan Allah ko muryar wa ka ji kada ka karanta. Banki baya tambayar wannan lambar ta waya. Haka Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da cewa kai ne, in ka ga buƙata ta fito tana cewa ka zaɓi lamba alhali ba kai ka buɗe komai ba, ƙi amincewa kawai, don in ka danna wani ne ka shigar da sunanka, yana iya buɗe akawun ko ya ciri layi da iƙamarka kai kana gida kana barci. Saƙon yaudara na SMS kuma ana tura shi zuwa 330330, an tanadi lambar don haka.

WhatsApp shine ya fi cin mutanenmu wallahi. Lamba shida ce da WhatsApp ke turowa ta SMS don shiga akawun, sai saƙo ya zo daga wani da ka sani a guruf ɗin unguwa ko na 'yan gari, yace na turo maka lamba bisa kuskure ka dawo min da ita, kai kuma kana ganin sunan Alhaji wane sai kunya ta kama ka, ba ka san shima an riga an ƙwace nasa ba. Daga nan su bi 'yan uwanka na Kano da Maraɗi ɗaya bayan ɗaya suna cewa kana asibiti a turo kuɗi. Maganin yana cikin saitin, wajen akawun, akwai tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lambar sirri shida taka ta kanka ka haɗa da imel. Kafin mu tashi yau matasa ku taimaka wa iyaye mata su sa, amma Hajiya ita zata zaɓi lambarta, ku kawar da ido.

Masu shafi yanzu. Yawancinmu yaro ne ya buɗe mana da imel ɗinsa da layinsa, toh a gaskiya shafin nasa ne, ranar da kuka saɓa ko ya koma gida shikenan. Ka mayar da shi kan imel ɗinka, admin kada su wuce waɗanda ke aiki yanzu, wanda ya bar aiki a cire shi ranar. Kalmar sirri ɗaya ga Facebook da imel da banki kamar makulli ɗaya ne ga gida da shago da akwati. Kowanne da tasa, doguwa, ba lambar iƙama ba, ba shekarar haihuwa ba. Ga wani abu da ake mantawa, wanda zai yi huruj na ƙarshe, wato barin ƙasar gaba ɗaya, layin da ke kan iƙamarsa zai mutu, kuma kamfanoni suna sake sayar da tsofaffin lambobi, saboda haka tun kafin ka hau jirgi ka canja lambar a duk inda ka sa ta. Layinka na Najeriya ko Nijar da ke cikin akwati shima haka, in ya daɗe ba a amfani da shi wani za a ba.

Sai abin da kake sawa a shafin, nan nake so ku nutsu. Ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2007. Ɓata sunan mutum ko ɗaukar hotonsa da waya ta yadda ka keta sirrinsa, hukuncin yana kai ɗaurin shekara 1 da tarar riyal 500,000, abin da ya taɓa tsarin jama'a ko addini ko tarbiyya kuwa yana kai shekara 5 da riyal miliyan 3. Mun saba a gida a ga haɗari a zaro waya, ko ayi rigima da kafil, wato uban gidan da iƙamarka ke ƙarƙashinsa, a zo Facebook a kira sunansa, nan ba haka bane, kuma shafin yana kan layin da ke kan sunanka. In an zalunce ka akwai ofishin ƙwadago, in barazana ce ta intanet ko wani ya riƙe hotonki yana neman kuɗi akwai manhajar Kulluna Amn, ki ɗauki hoton saƙonnin ki kai ƙara, kada ki biya ko riyal ɗaya don wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake.

Tallan Hajji kuma ina roƙonku da Allah. Kada ka ɗora tallan wani mai cewa zai shigar da mutane ba tasrihi, wato izinin Hajji, don ya baka ɗan wani abu. A Hajjin 2024 mutum sama da 1,300 suka rasu, hukuma tace kashi 83 cikin 100 basu da izini, sun yi ta tafiya a rana ba tanti ba mota. Mutane sun yarda da shafinka ne shi yasa zasu kira lambar.

Na ga hannu a baya. Baba yana tambaya in an riga an ƙwace WhatsApp ɗin fa? Toh Baba in dai layin yana hannunka ka sake shigar da lambarka, sabuwar lamba zata zo ta SMS, kana sawa zai fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa tasa lambar sirrin sai ka jira kwana 7 kafin ka shiga, a cikin kwanakin ka kira iyalai da baki ka gaya musu kada kowa ya tura kuɗi.