Goge Baƙin Dasashi: Yadda Ake Yin Aikin da Abin da Ke Biyo Baya

Jama'a masu kallo, barkanmu da warhaka. Ku dubi bakunan nan biyu da ke kan allo. Na farko dasashinsa ruwan hoda ne, na biyu kuwa ruwan ƙasa ne mai duhu, har da baƙi-baƙi a tsakanin haƙora. Wanne ne mai lafiya a cikinsu? Dukansu lafiyarsu ƙalau. Dasashi mai ciwo ana gane shi ne da kumburi, da ja, da zubar jini in an goge baki, ba da duhu ba.

Abin da ke ba dasashi duhu shi ne melanin, sinadarin nan da ke ba fatar jiki da gashi launinsu. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ake kira melanosayit suke samar da shi, kuma suna zaune a ƙasan ɓawon dasashi na sama, ɓawon da kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Kusan yawan ƙwayoyin nan ɗaya ne a jikin kowa. Bambancin kawai, na wani sun fi na wani himma. Shi ya sa masu duhun fata suka fi samun duhun dasashi, kuma gado ne.

To amma akwai wanda da ya yi murmushi sai dasashinsa na sama ya bayyana sosai, kuma launin bai yi masa ba. Irin wannan mutum ne ake yi wa aikin. Kwalliya ce zalla, ba magani ba. Ba kuma wani mai ake shafawa ya dusar da launin ba, ɓawon nan na sama ake cirewa gaba ɗaya, a bar jiki ya toho da sabo.

Tsohuwar hanya ita ce wuƙar tiyata. Likitan haƙori zai yi allurar kashe zafi, sannan ya fere ɓawon a hankali. Tana fitar da jini, don haka akan manna wani abu mai kama da ƙullu a kan wurin, ya yi kamar mako guda. Har yau ana yin ta, don ba ta da tsada kuma tana aiki. Wasu likitocin kan kankare ɓawon da injin nan mai ƙara na gyaran haƙori, da kai mai ɓarɓashin lu'ulu'u, ana fesa ruwa don kada wurin ya yi zafi. Akwai masu ƙona shi da lantarki, akwai masu daskarar da shi da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. A da har da sinadarin fenol aka yi amfani, aka watsar saboda yana cin nama fiye da inda ake so.

Wadda ake yayi yanzu ita ce leza, wato na'ura mai fitar da siririn haske mai ƙarfi da ke ƙona nama. Ga yadda abin yake a kujerar likita. Za a sa muku tabarau mai duhu, shi ma likita da mai taimaka masa su sa nasu. Zai ɗauko wani abu kamar alƙalami mai siririn baki, ya riƙa shafa shi a kan dasashi kaɗan-kaɗan. Melanin na zuƙar hasken lezar da ake kira dayod, sai ƙwayoyin da ke ɗauke da shi su ƙone. Za ku ji ɗan ƙauri. Bayan kowane shafi sai a share wurin da jiƙaƙƙiyar auduga, baƙin ya fito a jikinta, naman ƙasa mai haske ya bayyana. Akwai wasu nau'o'in, kamar ta CO2 da Er:YAG, waɗanda ruwan da ke cikin nama ne ke zuƙar haskensu. Amfanin leza shi ne tana toshe ƙananan jijiyoyin jini tana tafiya, jini kaɗan ne, likita na ganin abin da yake yi. Sau da yawa a zama ɗaya ake gamawa, ƙasa da awa guda.

Kwana ɗaya ko biyu bayan aikin za ku ga wani fari-fari ko rawaya-rawaya ya lulluɓe wurin. Mutane kan tsorata su ɗauka mugunya ce. Ba ita ba ce, rufin da jiki ke yi wa rauni ne, kada a kankare shi. A guji abinci mai zafi da mai yaji, a bi wurin a hankali da burushi mai laushi, a ajiye sigari. Cikin mako ɗaya zuwa biyu sabon ɓawo ya rufe, launi kuma ya ci gaba da daidaita na wasu makonni.

Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne sosai. Ba kowane baƙi a dasashi ne na gado ba. Na gado yakan bazu dama da hagu kusan daidai, kuma mutum ya san da shi tun yana yaro. Wanda ya zo daga baya, wannan sai an bincika. Hayaƙin taba na zuga melanosayit, kuma tun 1977 wani likitan haƙori ɗan ƙasar Suwidin mai suna Hedin ya bayyana wannan. Irin wannan baƙin yakan dushe da kansa in an daina shan taba, ko da zai ɗauki shekaru. Wasu magunguna ma na kawo shi, kamar minosaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, da kulorokwin in an daɗe ana sha. Cikon haƙori irin na azurfa kan bar tabo mai shuɗi-shuɗi in ɓurɓushinsa ya shige nama, shi kuwa ƙarfe ne, yana can ciki, goge sama ba ya fitar da shi. Gubar dalma na zana siririn layi mai duhu a bakin dasashi. Cutar Addison, wadda ke taɓa wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda, kan fara nuna kanta da duhu a baki kafin mai ita ya san yana da ita.

Sai kuma sankarar melanoma ta baki. Ba ta da yawa, amma muguwa ce, kuma ta fi fitowa a rufin baki da dasashin sama, daidai wurin da ake wannan kwalliya. Leza ƙone nama take yi, ba ta barin komai da za a kai ɗakin gwaji. In aka ƙone saman tabon da ya kamata a yanka a duba, an ɓatar da shaida, ciwon kuma na ci gaba a ƙasa. Saboda haka tabo guda ɗaya da ya fito sabo, ko yake girma, ko gefensa ba daidai ba, ko yake jini, gwaji yake buƙata tukuna. A ganina, duk wanda ya ɗauko leza bai tambaye ku yaushe baƙin ya fara ba, da magungunan da kuke sha, da ko kuna shan taba, to ku tashi daga kujerarsa.

Kaurin dasashi ma abin dubawa ne. Wani nasa siriri ne ƙwarai, in aka zurfafa sai ya janye, saiwar haƙori ta fito, ruwan sanyi ya riƙa tsirawa, wani lokaci har ƙashin ƙasa ya taɓu. Dasashin da ya janye ba ya komawa da kansa. Wanda ke da kumburin dasashi kuwa, wannan za a fara magancewa. Man canza launin fata, ko lemon tsami, ko soda, ba su da hurumi a nan, ƙona baki kawai za su yi.

Tambayar da aka fi yi: in an goge, shi ke nan har abada? Ba lallai ba. Kamar ciyawa ce a gonar da aka nome, daga gefe take sake shigowa. Melanosayit ɗin da ke maƙwabtaka da wurin kan matso sannu a hankali, ko waɗanda suka tsira a lungun tsakanin haƙora su farfaɗo. Wani cikin watanni zai ga ɗigo-ɗigo sun dawo, wani sai bayan shekaru, mai shan taba kuma nasa ya fi saurin dawowa. Ana iya maimaita aikin, amma kowane zagaye sai an sake duba kaurin dasashin, don haka tun kafin zama na farko ku tambayi likita ko naku zai jure na biyu.