Laccar tunawa da ɗan kwana-kwanan da ya rasu a rijiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Dagaci, malamanmu, iyayenmu mata da ke can baya, da abokan aikin marigayi da suka taso daga Kano, barkanku da zuwa. Iyalansa kuma, Allah ya ba ku haƙuri. Abubuwa uku zan taɓo: matsayinsa, abin da ya yi ajalinsa, da haƙƙin da ya bari a wuyanmu.

Na farko, Allah ya faɗa a Suratul Ma'ida, aya ta 32, cewa wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Wannan bawan Allah ya sauka rijiya domin yaron da bai taɓa gani ba, ya ɗaura masa igiya aka jawo shi da rai, shi kuwa gawarsa aka ciro. Muna kyautata masa zato, Allah ya jiƙansa.

Na biyu, kuma a nan zan ɗan jima. Yawancinmu muna ɗauka aikin 'yan kwana-kwana wuta ce kawai, irin gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, ko ta tankar man da ta ci rayuka sama da 150 a Majiya ta Ƙaramar Hukumar Taura a 2024. Amma a karkara sau da yawa rijiya ce, ko kududdufi, ko masai, ke sa a kira su. Kuma jama'a, abin da ke kisa a tsohuwar rijiya ba ruwa ba ne kaɗai, ba kuma aljani ba ne. Iskar da muke shaƙa a nan, kusan kashi 21 cikin 100 nata ne ke riƙe da numfashinmu. A ƙasan rijiyar da aka daɗe ba a jan ruwanta, ganye da shara suna ruɓewa, wata iska mai nauyi, ba launi ba wari, ta kwanta a can ta kore mai amfanin. Mutum zai sauka da ƙarfinsa, kafin ya ce a ja shi ya suma. Samarin nan na gefen bishiya, ku matso, da ku nake. Ba launi, ba wari, na sake faɗa. Shi ya sa za ku ji ɗaya ya faɗa, yayansa ya bi shi, maƙwabci ya bi su, a yi jana'iza uku a yini ɗaya. Masu zura injin ban-ruwa cikin rijiya lokacin yasa, hayaƙinsa ma haka yake kisa. Maginan rijiya na dā sukan fara zura fitila, in ta mutu ba mai sauka. Amma kada a gwada wannan a masai, domin iskar can tana iya kamawa da wuta. Marigayi ya san duk wannan, ya fi ni sani, amma an makara wajen kiransu, ya tarar ana kuka ana cewa ya yi sauri, shi kuwa bai iya tsayawa ba.

Na'am, Baba, ina jin ka. Ga waɗanda ba su ji ba, yana tambaya ne: tunda motar daga nesa take zuwa, sai mu zuba ido ɗanmu ya mutu? A'a, Baba, Allah ya ƙara girma. Mutum ɗaya ya buga lambar kiran gaggawa, wato 112, nan take, tun kafin a fara shawara. Sauran su buɗe bakin rijiyar gaba ɗaya, a janye taron da ke tare iska, a ɗaura reshe mai ganye a igiya ana zurawa ana jawowa domin iskar ta motsa, in wanda ke ciki yana magana a zura masa igiya ya ɗaura a ƙirjinsa. Kada kowa ya sauka ba igiya a jikinsa da majiya ƙarfi riƙe da ita. Tsofaffin rijiyoyin da ke bayan gari kuwa, Ranka ya daɗe, ina roƙon a sa masu unguwanni su ƙirga su a rufe kafin damina. Maganar marayunsa, wadda ita ce ta ukun, Liman zai yi ta bayan la'asar.