Lacca: Shekarun koyon harshe na biyu da yadda ƙwaƙwalwa ke gane kalma

Jama'a, assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Mu fara daga Basalona ta ƙasar Sifen. A can akwai waɗanda suka tashi da Sifaniyanci a gida, suka fara Katalanci, harshen yankin na Basalona, tun kafin su cika shekara 6, kuma da shi suka yi karatu har jami'a. Idan ka ji suna magana sai ka rantse harshen iyayensu ne. Amma Katalanci yana da wasula biyu masu kama da "e", Sifaniyanci kuwa ɗaya ke gare shi. A 2001 Christophe Pallier da Àngels Colomé da Núria Sebastián-Gallés suka gwada su da kalmomin da wasalin nan kaɗai ya raba, irin "néta", wato jika mace, da "neta", mai tsabta. Sai aka ga ƙwaƙwalwarsu tana ɗaukar kalmomin biyu tamkar kalma ɗaya aka maimaita.

Ku da kanku kun san wannan. Wanda ya koyi Hausa da girma, "kafa" da "ƙafa" duk ɗaya ne a kunnensa. Mu ma da muke yi masa dariya, haka muke fama da "p" da "f" a Turanci. Ba ganganci ba ne. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a 1984 cewa jariri ɗan wata 6 zuwa 8 yana bambance sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya shekara wannan baiwar ta fara gushewa.

To, kada wani ya ce shi ke nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karin maganar nan rabin gaskiya ce a wannan fage, kuma ina ganin malamai sun cika fakewa da ita. Akwai wata alama da ake kira N400, wadda Marta Kutas da Steven Hillyard suka gano a 1980: idan kalma ba ta dace da jimla ba, kamar a ce "ya sha shayi da takalmi", wutar ƙwaƙwalwa takan motsa cikin kusan kashi huɗu bisa goma na daƙiƙa. A 1996 Christine Weber-Fox da Helen Neville suka auna 'yan asalin Sin masu jin Turanci a Amurka. Wajen ma'anar kalma, sai waɗanda suka fara Turanci bayan shekara 11 ne alamar ta ɗan makara, ba ɓacewa ta yi ba. Wajen nahawu kuwa, jinkirin 'yan shekaru kaɗan ma ya bar tabo.

Kenan dattijon da ya shiga ajin yaƙi da jahilci zai tara kalmomin Turanci ko Larabci iya ƙoƙarinsa, ya kuma san ma'anarsu sarai. Inda zai sha wuya shi ne kunne da ginin jimla, can ya kamata malami ya kashe lokacinsa.

Na ga hannu a sama can gefen mata. Bismillah, Hajiya.