Ruwan taliyar da ake ta gardama a kansa

Tun da wani bidiyon girki ya yaɗu ake ta cacar baki: wai don me matar da ke cikinsa ta ɗebi ruwan dahuwar taliya ta zuba a miya? Har da masu cewa ƙazanta ce. To ku biyo ni Bolonya, a arewacin Italiya, inda baƙi ke biyan kuɗi a koya musu girki da hannunsu.

Farkon darasin ba wuya. Fulawa giram 100, ƙwai ɗaya. A cuɗa, a rufe, ƙullin ya huta rabin awa. Kun ga sandar murjin nan? Ta kusa mita ɗaya. A murza ya yi fele-fele, a naɗe, a yanka. Faɗin wannan taliyar da ake kira tagliatelle ma ƙayyadadde ne, milimita 8 in ta dahu, tun 1972 aka rubuta aka ajiye a cibiyar 'yan kasuwar birnin. Mutanen nan ba sa wasa da cikinsu.

Yauwa, ga wurin. Ku duba tukunyar da kyau.

Ɗanyar taliya ce, minti biyu zuwa uku ta isa. Malamar ajin ba ta tace ba, balle ta ɗauraye da ruwan sanyi yadda muka saba. Tsamowa ta yi da ɗan sauranta, kai tsaye cikin kaskon miya. Sai ludayi guda na ruwan nan mai fari-fari. Wannan farin sitaci ne da ya fita daga fulawa. Shi ke haɗa mai da ruwa su zama abu ɗaya, miyar ta yi kauri ta kama jikin kowane sili. Ku ga yadda take juya kaskon, wuta na ci. Ɗazu mai na yawo a gefe. Yanzu fa? Sheƙi kawai.

In kuka ɗauraye, sitacin kuka wanke. Shi ya sa miya ke zamewa ta kwanta a gindin faranti. Man da ake ɗigawa a tukunya kuwa, ni dai a ganina asarar mai ce, juyawa ke hana cakuɗewa.

Af, kafin ku biya kuɗin ajin: miyar Bolonya ta asali akwai naman alade da giya a ciki. Ku faɗa tun wajen rajista, a shirya muku ta tumatir, ko ta man shanu da ganye.