Me Ya Sa Allurar Tsayar da Jini Ke Daina Aiki?

Ga yaro ɗan shekara biyu a Yamai, gwiwa ta kumbura, ta yi zafi rau, ya ƙi taka ƙasa. Tun ranar kaciya, da jini ya ƙi tsayawa, aka gano yana da hemofiliya A: jininsa ba ya da sinadarin daskarewa mai lamba 8. A da, da an yi masa allurar sinadarin, sai kumburi ya sace. Yau an yi, an ƙara, shiru kake ji. Uwa ta ce jabun magani ne, kaka ta ce sammu.

Sau da yawa ba ko ɗaya. Garkuwar jikinsa ce.

Jikin da aka haifa babu wannan sinadari bai san shi ba. Idan ya shigo ta jijiya, sojojin jiki na iya ɗaukar sa baƙo mai mugun nufi, su ƙera makaman da ke maƙale masa, su kashe ƙarfinsa tun bai kai inda jini ke zuba ba. Kusan mutum 3 cikin 10 masu matsananciyar hemofiliya A na gamuwa da wannan, galibi cikin ranakun allura 50 na farko. Ku lura, ranakun allura muka ce, ba kwanakin wata ba. Shi ya sa ɗan littafin da uwa ke rubuta kowace allura a ciki yake da daraja a wurin likita.

A hemofiliya B, mai rashin lamba 9, abin bai cika faruwa ba, amma in ya zo yakan haɗa da borin jini mai toshe numfashi.

Gwajin jini da ake kira Betesda ne ke nuna yawan makaman nan. In an same su, akwai dabarar da aka fara a birnin Bon na Jamus a shekarun 1970: a riƙa ba jiki sinadarin a kai a kai, wata da watanni, har ya saba da baƙon ya daina faɗa. Kusan kashi 70 cikin 100 na masu nau'in A kan dace, sai dai tsada, ba a magana.

Akwai kuma maganin emicizumab, da Amurka ta amince da shi a 2017. A ƙarƙashin fata ake yin sa, yana yin aikin lamba 8, kuma makaman ba su gane shi.

Don haka, iyaye, in allura biyu sun wuce gwiwa ba ta sace ba, kar a tsaya ɗaurin gida. A koma asibiti da littafin, a nemi gwajin.