Damisar da ba a san iyayenta ba: yadda gidajen zu ke bin salsalar taiga

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Dabbar da za mu yi magana a kanta yau, mai jan gashi da baƙaƙen ratsi, ita ce damisar Asiya, wadda aka fi sani da taiga. Ba damisarmu mai ɗige-ɗige ba ce, kuma dajin Afirka ba gidanta ba ne. Mazauninta Indiya, Nepal, Bangaladesh, gabashin Rasha, Tailan, Malesiya da tsibirin Sumatra na Indunusiya.

Kimanin shekara 100 da suka wuce, an yi ƙiyasin akwai taiga wajen 100,000 a daji. Zuwa 2010, lokacin da shugabannin ƙasashen da ke da ita suka taru a birnin St Petersburg na Rasha, lissafin ya dawo kusan 3,200. An ɗan farfaɗo daga baya: ƙiyasin 2023 ya ce 5,574, kuma Indiya kaɗai ta ƙirga 3,682 a ƙidayarta ta 2022. To amma waɗanda ke cikin keji sun fi haka nesa ba kusa ba. An ƙiyasta wajen 5,000 a Amurka, akasari a hannun ɗaiɗaikun mutane da ƙananan wuraren nuni, sannan sama da 8,000 a gonakin kiwon taiga na Sin, Laos, Tailan da Biyetnam.

Wani zai ce, to ai magana ta ƙare, dabbar da ta cika keji haka ba za ta ɓace daga duniya ba. Ina ma a ce haka ne. Mafi yawan waɗannan dubban ba za su amfani aikin ceton taiga da komai ba, don ba wanda zai iya gaya maka uwarsu da ubansu.

Mu a Zamfara da Kebbi wannan ba baƙon zance ba ne. Ka je kasuwar shanu ta Talata Mafara, ka tsaya kusa da dattijon Bafulatani da ya kawo karsana. Tambaye shi asalinta. Zai lissafo maka uwarta, da uwar uwarta, da wadda aka ba shi tun yana yaro da duk wannan layin ya fito daga gare ta. Zai gaya maka ko Gudali ce tsantsa ko an sami surkin Rahaji. Kuma ya san in bijimi ɗaya ya daɗe a garke har ya fara hawan 'ya'yansa, maruƙan da za a haifa sai a hankali, shi ya sa yake sauya bijimi ko ya aro na wani garken. Abin da dattijon nan yake riƙe da shi a ka, shi manyan gidajen zu suka mayar rubutu, sai dai nasu garken ya warwatsu ne a nahiyoyi daban-daban.

Littafin suna kiransa kundin salsala. An fara irinsa ga dabbar daji ne da ɓaunan Turai, wanda kundinsa na farko ya fito a 1932, bayan ya ƙare ƙarƙaf a daji. Duk waɗanda ke raye yau daga dabbobi 12 suka fito. Na taiga kuwa, gidan zu na birnin Leipzig a Jamus ne ke riƙe da shi tun 1973.

Bari mu buɗe shafi ɗaya mu gani. Kowace taiga tana da lamba tata ita kaɗai, wadda ba ta canzawa ko an sauya mata suna sau goma. Gaban lambar: namiji ne ko mace, ranar haihuwa, wurin haihuwa, lambar uba, lambar uwa. Sai jerin duk inda aka taɓa kai ta da ranar da aka kai ta. In ta mutu, a rubuta ranar da abin da ya kashe ta. Kana bin lambobin nan baya-baya, daga 'ya zuwa uwa zuwa kaka, har ka iso kan wadda aka rubuta wa "an kamo ta daga daji", da yankin da aka kamo ta. Waɗannan su ne tushe. Taigar da duk rassan asalinta suka koma ga tushen da aka sani, ita ake sa wa cikin shirin kiwo. Wadda aka sami giɓi a nata, ko da kaka ɗaya ne ba a sani ba, sai a jingine ta gefe.

Don kada a musanya wata da wata, ana cusa wa kowacce 'yar ƙaramar na'ura a ƙarƙashin fata da allura, mai ɗauke da lamba. Ratsin jikinta ma shaida ne, don babu taiga biyu masu zane iri ɗaya. Yanzu bayanan suna cikin kwamfuta, a wata manhaja mai suna ZIMS ta ƙungiyar Species360, wadda aka kafa a jihar Minnesota ta Amurka a 1974, kuma gidajen dabbobi sama da 1,000 ke zuba bayanansu a ciki.

Me ya sa ake damuwa da yankin da aka kamo tushe? Saboda taiga iri-iri ce. An saba lissafa shida da suka rage: ta Bengal, ta Amur, ta Sumatra, ta Malaya, ta Indochina da ta Kudancin Sin. Uku sun riga sun shuɗe, ta Bali, ta Java da ta yankin Kaspiyan. Ta Amur ƙatuwa ce mai kaurin gashi, an halicce ta don dusar ƙanƙara. Ta Sumatra ita ce ƙaramarsu, ta dajin zafi da ruwan sama. Ka haɗa su barbara, abin da za a haifa bai dace da ko ɗaya daga cikin dazuzzukan biyu ba. Masana na ta muhawara kan rabe-raben, har a 2017 wani kwamitinsu ya ce a mayar da su gida biyu, na babban yankin Asiya da na tsibirai, amma shirye-shiryen kiwo sun ci gaba da ware kowane layi daban.

Yanzu ga inda aikin ya fi ban sha'awa, wato zaɓen wa za a haɗa da wa. Ba kyau ake dubawa ba, ba girma ba. Kwamfuta ce ke lissafa wa kowace dabba wani adadi da ke nuna yawan dangantakarta da dukkan sauran da ke cikin shirin. Namijin da ya haifi 'ya'ya da jikoki barkatai, adadinsa sama yake, jininsa ya riga ya wadata, don haka sai a dakatar da shi, ko a raba shi da mace, ko a yi amfani da maganin hana ɗaukar ciki. Macen da ba ta da dangi sosai, ko da ba ta da wani kwarjini a idon 'yan kallo, ita ce mai daraja, ita za a nemo wa miji ko daga wata ƙasa ce. Burin da aka saba sa wa gaba shi ne a riƙe kashi 90 cikin 100 na bambancin ƙwayoyin gado har tsawon shekara 100. Amurka ta fara irin wannan shiri a 1981, Turai ta bi a 1985. Wuri ma ƙalilan ne: goyon cikin taiga kwana 100 da 'yan kai ne, takan haifi biyu zuwa huɗu, kuma kowane ɗa zai buƙaci nasa fili na shekara 15 ko fiye. Duk kejin da aka ba wadda ba ta da asali, an hana wa mai asali ke nan.

Sai dai lissafin kwamfuta ba ya sa dabba ta so 'yar'uwarta. A ƙarshen watan Janairun 2019, gidan zu na Landan ya karɓo wani namijin Sumatra mai suna Asim daga Denmak, don a haɗa shi da macensu Melati. Kwana 10 aka ajiye su a keji maƙwabta, suna ganin juna, suna shinshinar juna. Ranar da aka buɗe ƙofa, Asim ya far mata. Ma'aikata suka yi ta ƙara da hayaniya don su raba, kafin su yi nasara ta mutu. A takarda haɗin ya dace ƙwarai. Taiga dabba ce mai zaman kaɗaici, kuma kowace haɗuwa kasada ce.

To ga labarin da ya fi nuna illar wasa da asali, labarin farar taiga. Da yawa muna ganinta a Facebook da TikTok, fara sol da shuɗayen idanu, ana cewa wani iri ne da ya kusa ƙarewa. Ba iri ba ne. Taigar Bengal ce da ta gaji wata ƙwayar halitta mai ɓoyuwa, wadda ba ta bayyana sai ɗa ya samo ta daga uwa da uba duka biyu. A 1951 Sarkin Rewa na Indiya, Martand Singh, ya kama wani farin ɗan taiga ya sa masa suna Mohan. Aka haɗa shi da mace mai launin da aka saba, duk 'ya'yan suka fito jajaye. Sai aka haɗa Mohan da 'yarsa ta cikinsa, Radha. A 1958 ta haifi farare huɗu. Ɗaya daga cikinsu, Mohini, ita aka kai gidan zu na Washinton a 1960, kuma daga nan kasuwa ta buɗe. Masu neman kuɗi suka yi ta haɗa uba da 'ya, wa da ƙanwa, zuriya bayan zuriya. Sakamakon: harara-garke, karkacewar ƙashin baya, raunin garkuwar jiki, da 'ya'yan da ke mutuwa tun suna jarirai. A 2013 masu bincike a Sin suka gano ƙwayar da ke jawo farin, suka nuna cewa aikinta a launi yake. Mafi yawan nakasar daga kusancin jini ta fito, wato aikin hannun mutum ne. Ƙungiyar manyan gidajen zu ta Amurka ta hana membobinta kiwon farar taiga tun 2011. Ni dai duk sanda na ga ana yaɗa hotonta ana yabo, abin da ke zuwa mini a rai shi ne 'yan'uwanta da ba a nuna wa kyamara.

Taigar Kudancin Sin kuwa ba kwaɗayin kowa ba ne ya matse ta yanzu, rashin zaɓi ne. An shafe shekaru da dama ba a tabbatar da ganinta a daji ba, kuma duk waɗanda ke gidajen zu daga dabbobi shida kacal suka fito. Mai riƙe da kundinta ko ina ya juya dangi yake gani.

A Tailan, a 2016, hukuma ta kwashe taiga 147 daga wani wurin ibada da ya zama dandalin masu yawon buɗe ido, aka kuma tarar da gawarwakin jarirai 40 a cikin firiza. Zuwa 2019, 86 daga cikin waɗanda aka kwashe sun mutu, jami'ai suka danganta hakan da cuta da raunin da kusancin jini ya haifar.

Kundin ma yakan yi kuskure, kuma tsananin riƙo da shi yakan kai ga abin da zuciya ba ta karɓa. A 2008, a gidan zu na Magdeburg a Jamus, an gano cewa wani namiji da ake ɗauka Amur ne tsantsa yana da surkin Sumatra, alhali macen ta riga ta ɗauki ciki. Da ta haihu, aka kashe 'ya'yan uku lafiyayyu. A 2010 kotu ta sami shugaban gidan da wasu ma'aikatansa da laifin karya dokar kare dabbobi. A nan ina bayan kotu. Rashin asali dalili ne na hana dabba haihuwa, amma bai isa dalilin ɗauke mata rai ba.

Abin da ke rage irin wannan ruɗani yanzu shi ne gwajin ƙwayoyin halitta daga jini ko gashi. Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya gwada taiga 105 da ke tsare, ya tabbatar da cewa 49 daga cikinsu tsantsar iri ɗaya ne. Har an sami wasu da ba su da takardar asali amma jininsu ya nuna ba surki, ka ga za a iya shigo da su a matsayin sabon jini. Ita ma Amurka, a watan Disambar 2022 ta kafa dokar da ta hana ɗaiɗaikun mutane sayen irin waɗannan manyan dabbobi ko kiwata su, ta kuma hana a riƙa miƙa wa 'yan kallo jariransu don ɗaukar hoto.

Kada dai a ɗauka kundi shi ne ceto. Taigar da aka haifa a keji ba ta iya farauta ba, ba ta kuma tsoron mutum, don haka sakin ta a daji abu ne mai matuƙar wuya. Kundi ajiya ce ta ranar da za a buƙata. In daji ya ƙare, ajiyar ba ta da inda za a kai ta.

Mu da ba mu da taiga, muna da zaki, kuma halinsa ya fi tayar mini da hankali. Binciken da aka fitar a 2014 ya ce zakunan Afirka ta Yamma da suka rage a daji wajen 400 ne. Kusan kashi 90 cikin 100 suna dazuzzukan W, Arly da Pendjari, tsakanin Nijar, Benin da Burkina Faso, can yamma da iyakar Kebbi in ka bi ta Kamba ka tsallaka Gaya. A Najeriya ba su kai 50 ba, a Kainji da Yankari. Gwajin jini ya nuna zakinmu ya fi kusa da zakin dajin Gir na Indiya fiye da na Kenya ko Afirka ta Kudu. Ke nan in aka ɗauko zaki daga kudancin nahiyar aka haɗa da namu, an surka layin da ya kusa ƙarewa. Duk wani gidan zu ko mai hali da ke riƙe da zaki a ƙasar nan, abin da ake buƙata daga gare shi a rubuce shi ne inda aka samo dabbar, shekarar da aka samo ta, iyayenta in an sani, da ɗan jini da likitan dabbobi zai ɗiba a aika gwaji.

Mu kwana nan, sai shiri na gaba. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.